Wa Ke Da Izinin Magana? Tarihin Saƙo Tsakanin Injunan Masana'anta

Kafin 1968, hankalin injin masana'anta a jikin bango yake. A kamfanonin ƙera motoci na Amurka, duk injin da ke huda ƙarfe ko ɗaga gangar jikin mota yana da akwatunan ƙarfe jere a gefensa, wasu sun fi mutum tsawo, cike da ɗaruruwan rile, wato ƙananan makunnai masu aiki da maganaɗisu, kowanne yana ƙas-ƙas, yana buɗe wa wani wuta ko ya rufe. Dokar aikin kuwa, cewa kada wuƙa ta sauko sai an damƙe ƙarfe, kada bel ya motsa sai wuƙar ta koma sama, duk a cikin ɗaurin wayoyin take. Idan aka sauya samfurin mota, abin da Detroit ke yi kowace shekara, sai a tsayar da aiki, masu gyaran wuta su kwance wayoyi su sake ɗaurawa, kamfani yana ta ƙirga asara. Rile ɗaya ya mutu a cikin ɗaruruwa, nemo shi kaɗai aikin yini ne.

A shekarar 1968 sashen Hydra-Matic na kamfanin General Motors, mai yin giyar mota a Ypsilanti ta jihar Michigan, ya fitar da takardar abin da yake nema: na'urar da za ta maye gurbin rile, wadda za a iya sauya mata aiki ba tare da kwance waya ba, kuma wadda za ta jure ƙura, maiƙo da girgizar masana'anta. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani ƙaramin kamfani a Massachusetts mai suna Bedford Associates. Injiniyansa, Dick Morley, ya sha ba da labarin cewa ya zana tunanin na'urar ne ran 1 ga Janairun 1968, yana fama da ciwon kan shagalin daren sabuwar shekara. Aikin shi ne na 84 a jerin ayyukan kamfanin, don haka aka sa masa 084, aka kuma kafa kamfanin Modicon domin sayar da shi. A 1969 na'urar ta isa General Motors. Irinta ce masu aikin ke kira PLC har yau, sunan da ya yaɗu daga kamfanin Allen-Bradley na Milwaukee, babban abokin gasar Modicon. Dabarar da ta sa ma'aikata suka karɓe ta ita ce, ana rubuta mata umarni da zane mai kama da tsani, irin zanen da masu gyaran wuta suka riga suka saba karantawa. Ba a ce musu su zama masana kwamfuta ba.

To amma kowace PLC ita kaɗai take a duniyarta. Tana jin abin da na'urorin awo ke gaya mata ta wayoyi, kowane ma'auni da tasa waya biyu. A matatun mai da kamfanonin sinadarai, tun shekarun 1950 ake aika awo ta hanyar ƙarfin wuta tsakanin miliyam 4 zuwa 20: tanki babu komai, 4, tanki ya cika, 20. An fara daga 4 ne da gangan, domin idan aka ga sifili a san waya ce ta tsinke, ba tankin ne ya ƙare ba. Wannan hikima ce mai kyau, kuma har yanzu tana aiki, sai dai waya biyu lamba ɗaya tak suke ɗauka. Idan kuma ana son PLC biyu su haɗa kai, sai a ja waya daga mafitar wannan zuwa mashigar waccan, waya ɗaya kalma ɗaya: "na gama", ko "dakata". Masana'antar da ke da ma'aunai dubu biyar, jan ƙarfen da ke kwance a magudanan wayarta kaɗai dukiya ce.

A 1979 Modicon, wanda kamfanin Gould ya saye shekara biyu kafin nan, ya fitar da Modbus. A nan ya kamata a ɗan zauna, domin kusan duk abin da ya biyo baya, ko dai gyara ne ga wannan ƙa'ida ko tawaye gare ta.

Tsarinta kamar malami ne mai kiran suna a aji: shi kaɗai ke fara magana, ya kira ɗalibi, ɗalibin ya amsa, sauran su yi shiru ko da kuwa wani na da labari mai zafi a bakinsa. Na'ura ɗaya ce ubangida a kan waya, sauran barori ne, kowanne da lambarsa daga 1 zuwa 247. Saƙon kansa gajere ne ƙwarai. Bayit na farko lambar wanda ake kira. Na biyu lambar aikin da ake so: 3 na nufin karanto mini rajista, 6 rubuta a rajista ɗaya, 16 rubuta a rajista da yawa. Sai inda za a fara da yawan da ake so, sannan bayit biyu na ƙarshe, lissafin da mai karɓa ke sake yi don ya tabbatar saƙon bai gurɓace a hanya ba. Idan ubangida ya ce wa na'ura ta 5 ta karanto masa rajista biyu, bayit takwas ne duka tambayar, kuma a gudun bit 9,600 a daƙiƙa da aka saba, tana ƙarewa cikin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ta yaya ake gane saƙo ya ƙare? Da shiru. Idan waya ta yi tsit na tsawon lokacin aika harafi uku da rabi, kowa ya san abin da zai biyo baya sabon saƙo ne.

Rajista kuwa gurbi ne mai ɗaukar lamba daga 0 zuwa 65,535, kuma ba ta faɗin ko lambar mece ce. Idan amsa ta zo 2315, zai iya zama ƙarfin wuta 231.5, zai iya zama litar ruwa, sai an buɗe littafin wanda ya ƙera na'urar. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san ciwon kai biyu da Modbus ke jawowa. Na farko, littafi ya ce rajista 40001, a kan waya kuwa adireshinta 0 ne, sai a wayi gari ana karanta maƙwabciyar wadda ake nema. Na biyu, ƙa'idar ba ta faɗi yadda za a jera lambar da ta fi ƙarfin rajista ɗaya ba, don haka wani kamfani ya sa babban rabin a gaba, wani ya sa shi a baya, zafin tukunya ya fito da lamba mai tsawon layi. Kuma idan gobara ta tashi a gaban bara, ba shi da bakin faɗa sai an zo kansa.

Duk da haka ta yaɗu, saboda dalilin da ba na fasaha ba: Modicon ya bar takardar a buɗe, ba kuɗin lasisi, kuma injiniya ɗaya na iya rubuta ta a kan ƙaramar na'ura cikin 'yan kwanaki. Da ma'aunin waya na RS-485 ya fito a 1983, mai amfani da waya biyu murɗaɗɗu waɗanda hayaniyar injuna ke shafa daidai wa daida har ta soke kanta, sai ta samu jikin da ya dace da ita: nisan da ya kai mita 1,200, na'urori 32 a layi ɗaya. Wanda ya leƙa bayan inbata ta sola ko mitar wuta ta zamani, a Kano ne ko a Maraɗi, ya ga ramuka biyu da aka rubuta wa A da B, sau da yawa Modbus ce ke bi ta nan. Modicon ya yi mata ƙane mai sauri, Modbus Plus, ya riƙe sirrinsa a hannu. Ƙanen ya tsufa ya bar yayar.

Sauran kamfanoni ba su zauna ba. Allen-Bradley na da Data Highway, Siemens na da nasa, kowa ya ja zarensa, kuma da gangan: wanda ya sayi PLC ɗinka ya ja wayarka, ya zama naka har abada. Wanda abin ya fi ƙona wa rai shi ne General Motors, da ya tarar da dubban na'urori a masana'antunsa sun zama tsibirai, ba mai jin yaren wani. Tun farkon shekarun 1980 ya ɗauki aniyar tilasta wa kowa yare ɗaya mai suna MAP, yana barazanar daina sayen duk abin da bai iya shi ba. An yi baje kolinsa a Las Vegas a 1984, aka sake a Detroit a 1985, manyan kamfanoni suna ta rububin nuna biyayya. MAP ya ƙi Ethernet, wadda Bob Metcalfe da abokansa suka ƙirƙiro a cibiyar binciken Xerox a 1973, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. A Ethernet ta wancan zamani kowa na magana lokacin da ya ga waya shiru, idan biyu suka yi karo sai kowanne ya ja da baya na ɗan lokacin da ya zaɓa da ka, ya sake gwadawa. A ofis ba wanda zai lura. A gaban injin matse ƙarfe kuwa, "tsaya" ba saƙon da za a ce galibi yana isa da wuri ba ne. Don haka MAP ya zaɓi tsarin alamar izini da ke zagayawa daga na'ura zuwa na'ura, mai riƙe da ita kaɗai ke magana, kuma ana iya lissafa mafi munin jiran da kowa zai yi. Tunanin daidai ne, amma kayan sun yi tsada, takardun sun yi kauri, sabon bugu bai jitu da tsohon ba. Zuwa farkon shekarun 1990 maganar ta mutu. Abin da ya tsira daga cikinsa shi ne tsarin saƙo na MMS, wanda yau ke aiki a tashoshin rarraba lantarki ƙarƙashin ma'aunin IEC 61850.

Amsar da ta fi burge ni a kan wannan tambaya ta wa zai yi magana, daga masu motoci ta zo, ba daga masu masana'anta ba. A 1986 kamfanin Bosch na Jamus ya gabatar da CAN a wani taron injiniyoyi a Detroit. A nan kowa na iya fara magana lokaci ɗaya, amma an tsara wayar yadda sifili ke danne ɗaya. Kowace na'ura tana aika lambar saƙonta tana kuma sauraron wayar. Wadda ta aika ɗaya ta ji sifili, ta san akwai wanda ya fi ta gaggawa, sai ta yi shiru nan take. Saƙo mafi muhimmanci ya wuce ba tare da ya rasa ko bit ɗaya ba. Daga motar Mercedes ta 1991 ya shiga masana'antu, inda Allen-Bradley ya gina DeviceNet a kansa a 1994.

A Turai kuma rigimar ta ɗauki launin ƙasa. Faransa na da FIP, inda wani mai tsara layi ke kiran sunan awo, mai shi ya faɗa, duk mai buƙata ya ɗauka a lokaci ɗaya. Jamus ta tara kamfanoni da cibiyoyi 21 a 1987, da tallafin gwamnati, suka fito da PROFIBUS, mai wayar nan ruwan hoda mai duhu da ta cika masana'antun da Siemens ya haɗa. Hukumar IEC mai tsara ma'aunan lantarki ta duniya ta fara neman ma'auni guda tun 1985, kuma ta shafe shekara goma sha huɗu tana nema. Kowane ɓangare ya riga ya sayar da kaya, kowanne ya san cewa idan aka zaɓi na abokin gaba, kasuwarsa ce ta rushe. Turai ta gaji da jira ta fitar da nata a 1996, ta zuba uku a ciki: PROFIBUS, WorldFIP (wato FIP ɗin Faransa) da P-NET na Denmak. A Amurka aka kafa Fieldbus Foundation a 1994. An yi kare jini biri jini a zaurukan taro, har wani ɓangare ya nemi a soke ƙuri'un wasu ƙasashe bisa cewa ba su kawo hujjar fasaha ba. A tsakiyar 1999 manyan kamfanonin suka sa hannu a sulhu, ma'aunin IEC 61158 ya fito ɗauke da tsari takwas da ba sa jin juna. An kira shi ma'auni ɗaya ne saboda bangon littafin ɗaya ne. Modbus ba ta cikin takwas ɗin, kuma ba ta fasa yaɗuwa ba.

Abin dariyar shi ne, yayin da ake wannan faɗa, Ethernet ɗin da aka raina ta warke daga cutarta. Na'urar suwic, da ta yaɗu a shekarun 1990, ta ba kowace na'ura layinta, karo ya ƙare, gudu ya ninka, farashi ya faɗi saboda ofisoshin duniya duka suna saye. A 1999 Schneider Electric, wanda Modicon ya koma hannunsa, ya ɗauki tsohon saƙon 1979 ya naɗe shi cikin ƙa'idar intanet, aka ba shi ƙofa mai lamba 502, a 2004 kuma ya miƙa ragamarsa ga ƙungiya mai zaman kanta. Rockwell, mai Allen-Bradley, ya zo da EtherNet/IP, Siemens da PROFINET. Beckhoff na Jamus ya fito da EtherCAT a 2003, inda saƙo ɗaya ke ratsa dukkan na'urori ba tsayawa, kowace ta ɗebi nata ta zuba nata yana wucewa. Wayar ta zama ɗaya, yarukan suna nan yadda suke.

A wannan zamani ne aika saƙo daga PLC zuwa PLC ya zama aikin yau da kullum, kuma hanya biyu ake bi. Akwai saƙon buƙata: injiniya ya sa umarni a cikin tsaninsa, MSG a na'urorin Allen-Bradley, PUT da GET a na Siemens, ya rubuta adireshin abokiyar magana da gurbin da za a karanta ko a rubuta, sannan ya jira ɗaya daga alamomi biyu, ta an gama ko ta kuskure. Akwai kuma saƙon da ke zuwa da kansa a kan kari, inda wata na'ura ke fitar da awonta kowane kashi kaɗan na daƙiƙa, masu buƙata suna ɗauka. Kuskuren sabon shiga sananne ne: ya sa umarnin ya riƙa tashi a kowane zagayen lissafi ba tare da jiran amsa ba, layin ya cushe. Haɗarin da ya fi wannan kuwa shi ne lambar da ta kwana. Idan waya ta tsinke, gurbin da ke cewa tanki rabi ne zai ci gaba da cewa rabi ne har ruwa ya malala. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa kowane saƙo da abin da suke kira bugun zuciya, lamba mai ƙaruwa ba tsayawa. Idan ta daina motsi, mai karɓa ya daina yarda da sauran. Darasin miliyam 4 ne aka sake koya da wani salo.

Duk wannan tarihi, an kashe shi ne a kan tambayar wa zai yi magana da yaushe. Tambayar da ba a yi ba ita ce, wa ya aiko? A 1979 ba ta da ma'ana, domin duk wanda ya isa ga wayar ya riga ya wuce maigadi. Saƙon Modbus ba shi da kalmar sirri, ba shi da sa hannu, kuma yawancin 'yan uwansa haka suke. An fara ganin illar a 2000 a yankin Maroochy na Ostireliya, inda wani tsohon ma'aikacin ɗan kwangila ya riƙa aika wa famfunan ruwan ƙazanta umarni ta rediyo daga motarsa, lita kusan 800,000 suka kwarara cikin koguna da wuraren shaƙatawa. A 2010 wani ƙaramin kamfani a Belarus ya gano Stuxnet, manhajar da aka ƙera domin tashar tace yuraniyom ta Natanz a Iran. Tana neman PLC na Siemens da ke magana ta PROFIBUS da wasu na'urorin sarrafa gudun inji, na wani kamfanin Finlan da na wani na Iran. Idan ta same su, injunan da ya kamata su yi zagaye 1,064 a daƙiƙa sai ta kai su 1,410, wani lokaci ta sauke su zuwa 2. Wani ɓangarenta kuma yana naɗar awo na lafiya yana maimaita wa masu kallon allo. An ƙiyasta injuna kusan dubu sun lalace. A Disambar 2016, manhajar da ta kashe wuta a wani sashe na birnin Kiev ta zo ne tana jin yarukan tashoshin lantarki, har da IEC 61850, jikan MAP.

An yi gyara a takarda. OPC UA, da ya fito a tsakiyar shekarun 2000, ya zo da tantance mai magana da ɓoye saƙo, kuma a 2018 aka fitar da Modbus mai tsaro a ƙofa ta 802. Sai dai PLC na yin shekara ashirin ko talatin a akwatinta, kuma manajan da injinsa ke aiki lafiya ba ya son jin maganar tsayar da shi don sauya abin da bai lalace ba.

A ƙarshen Janairun 2024, ana tsakiyar hunturu, ɗumama ɗaki ta yanke a gidajen bene fiye da 600 a birnin Lviv na Yukiren, kusan kwana biyu. Kamfanin tsaro na Dragos, da ya bayyana binciken a Yulin shekarar, ya sa wa manhajar suna FrostyGoop. Ba ta fasa komai a cikin na'urorin sarrafa zafin ba, domin babu makullin da za a fasa. Ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 502, ta yi amfani da aiki na 3 ta karanta, na 6 da na 16 ta rubuta, na'urorin kuma suka duba saƙon, suka ga ya cika ƙa'ida, suka aikata.